Battoci Marasa Murfi

Fiye da shekara talatin na yi ina share ƙurar battocin mijina, kuma ko ɗaya babu mai murfi. Duk macen da ta taɓa riƙe tsumma ta san abin da nake nufi. Batta mai murfi, shafa ɗaya za ki yi wa samanta ki wuce. Marar murfi kuwa sai kin zura hannu ciki, kin kori gizo-gizo, kin kakkaɓe kashin tsaka, wata rana ma ki tarar kaza ta ajiye miki ƙwai. Sun haura ɗari biyu. Akwai na kun, ganyen nan da muke naɗewa da goronsa da farar ƙasa mu tauna, akwai na ganyen shayi, ja da baƙi da kore, manya da ƙanana, daga bangon zaure har ƙarƙashin gadonmu. Bara ya rasu, kuma duk ƙorafin da na yi a kansu, har yau ban iya fitar da ko ɗaya ba.

Sunansa U Lun Pe, amma a garinmu Myinkaba in ka yi tambaya da wannan suna sai an ɗan yi tunani. Ka ce Baba Murfi, ko akuya ta nuna maka gidanmu. Dalili kuwa, shi mai tarin battoci marasa murfi, murfi ɗaya tak gare shi, marar batta, kuma yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗarsa tun yana sabon magidanci har ya yi furfura. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa jana'iza. Ranar da na haifi ɗanmu ma da shi ya zo asibiti.

Murfin na battar mahaifinsa ne, Saya Hlaing, wanda a zamaninsa babu wanda ya kai shi iya batta a garin nan. Aikinmu ke nan kaka da kakanni. A tsaga gora siriri a saƙa, a shafe da baƙin ƙaro, a sauka da ita ramin shanya na ƙarƙashin ƙasa, don ƙaronmu ba ya bushewa a rana, sai a duhu da laima. Bayan mako a fito da ita a goge, a sake shafawa, a sake saukarwa, haka har sau goma sha biyu, kafin masu zane su ɗauki tsinken ƙarfe. Uwar batta da murfinta a kan kututture ɗaya ake saƙa su, shi ya sa murfin wata ba ya zama a kan wata, ko da hannu ɗaya ya yi su rana ɗaya. Battar Saya Hlaing kuwa ba a danna mata murfi. Ɗorawa kake yi ka saki, ya riƙa sauka da kansa a hankali, iskar ciki na fita da ɗan huci, har ya zauna. Tsohon ya yi ɗaruruwa masu zane iri ɗaya ya sayar. Guda ɗaya ya bari a gida ta tarbar baƙi, ya rubuta sunansa a kan murfinta.

Da ya rasu, ya bar 'ya'ya biyu da rami ɗaya. Ko Lun, mijina, shi ne babba, shi ke shafa ƙaro. Ƙanwarsa Ma Yin Nu ita ke zane. Ni kafin in zama matar wanta ƙawarta ce. Tabarma ɗaya muke zama, gwiwa na gogar gwiwa, ina zana ganye tana zana mutane da dawakai, don hannuna bai kai nata ba, kuma ban taɓa musu a kan haka ba. Baki gare ta kamar barkono, ga dariyar da ake ji tun daga bakin titi. In ta kwaɗa lafet, ganyen shayin nan mai tsami da muke ci da riɗi da gyaɗa da mai, sai ta zuba masa soyayyiyar tafarnuwa har ta rufe ganyen. In wanta ya yi magana ta ce wanda bai so ya tashi ya kwaɗa nasa.

Tana da shekara ashirin da bakwai ta ga wanda take so. Ko Tun Hla, mai kula da injin jirgin ruwan da ke hawowa daga ƙasan kogi, dogo, siriri, farcensa kullum da baƙin mai. Ba shi da wani aibu. Ya yi abin da ya kamata, ya turo dattawa uku da hantsi. Suka zauna a tabarmar zaure, na kawo shayi, na kawo battar Saya Hlaing na ajiye gaban maigida. Da safen nan da hannuna na jera ganyen a ciki, ɗanye shar. Abin da ya rage kawai ya ɗaga murfi ya tura musu battar, su naɗa su tauna, sannan a shiga magana. Ba a fara zancen aure a kan rufaffiyar batta.

Ko Lun ya ɗauki battar ya ɗora a cinyarsa, ya dafe ta da hannu biyu. Ya tambaye su hanya. Ya tambaye su ko ruwa ya ƙaru a ƙasan kogi. Ya tambaye su ko kifi ya yi auki bana. Shayi ya huce, dattawan suka fara kallon rufin ɗaki.

Ma Yin Nu ta fito daga madafa, hannunta a jiƙe.

"Yaya, buɗe wa baƙi batta."

"Ganyen ya yi yaushi," in ji shi, bai ko kalle ta ba. "Ba ya taunuwa."

"Ma Pu ce ta tsinko shi ɗazu. Ma Pu, ya yi yaushi?"

Ma Pu ni ce. Amarya ce ni ta wata biyar. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina gyara kofuna. Wannan shirun har yau yana ci mini rai.

Ta durƙusa gabansa, ta kama battar ta ƙasa ta ja. Shi ya ƙanƙame sama. Aikin Saya Hlaing bai san gardama ba, uwar ta zare sumul ta bi hannunta, murfin ya tsaya a nasa. Ta juya ta miƙa wa dattawan da kanta, a gaban idon wanta. Babban cikinsu ya naɗa guda ɗaya don kada ta ji kunya. Kwana biyu bayan nan ta bi jirgi. Abin da ta ɗauka zani uku ne da tsinken zanenta da uwar battar nan. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Riƙe murfinka, Yaya. Ka rufe abin da ka ga dama."

Ya riƙa ce wa mutane wai warin baƙin mai ne ba ya so a zuri'ar Saya Hlaing. Ƙarya yake, ni da nake zaune da shi na sani. Tsoro ya ji. Tana 'yar shekara huɗu uwarsu ta mutu, shi ya goya ta, shi ya fara ɗora mata tsinke a hannu, bai taɓa kawowa a ransa gidan zai wayi gari babu dariyarta ba. Ya zaci in ya dafe murfi za ta zauna.

Ba ta rubuto ba, shi ma girman kai ya hana shi tambaya, har shekara uku. Da ya sauke kai ya je tashar jirgi, aka ce ai Ko Tun Hla ya bar aikin tun tuni, ya koma garinsu can ƙasan kogi, inda ruwa ya rarrabu, ƙauyuka ba sa ƙirguwa. Wane ƙauye? Oho. Zuwa lokacin aikin batta ya mutu a hannunmu, don masu saye mutane da dawakai suke so, ba ganyena ba. Ya bar wa maƙwabcinmu U Kyin ramin da rumfar aiki, ya samu keken doki, ya shiga jigilar masu ziyarar tsofaffin wuraren ibada.

Wata rana ya dawo ya kwance doki, ya tsaya a kaina ina tsince shinkafa.

"Ma Pu, batta marar murfi ba ta riƙe ganye. Kwana ɗaya ya bushe. Me ƙanwata za ta yi da ita?"

"In ni ce, kogi zan jefa ta."

"Ba za ta jefar da aikin Baba ba. Wata rana masu bin ƙauyuka suna neman tsofaffin kaya za su karɓe ta. Kuma duk tsohuwar battar ƙasar nan, garin nan take dawowa a sayar wa baƙi. In na sami uwar, na sami wanda ya kawo ta. In na same shi, na sami ƙauyen."

"In ka sami ƙauyen fa?"

Ya tafi bai wa doki ruwa.

Dillalai ba su daɗe ba suka gano shi. Batta marar murfi babu mai kallonta, sai ga wani bawan kansa yana nema ido rufe. Suka riƙa kawo masa a buhu. Zai zauna a zaure, ya goge hannu a zaninsa, ya zaro murfin daga jaka, ya ɗora, ya saki. Wata murfin ya faɗa ya haɗiye ta gaba ɗaya, wata ya tsaya a baki kamar ƙaramar hula a ƙaton kai. Sai ya ce, "Ba ita ba ce." Sannan ya saya. A nan rigimarmu take.

"In ba ita ba ce, ta mece ce?"

"In ban saya ba, gobe ba za su kawo ba."

"Wannan fa? Ta ganyen shayi ce, kusurwa huɗu gare ta! Makaho ma ya san ba ita ba ce."

"Ita ma wani yana can riƙe da murfinta, Ma Pu."

"To ka nemo shi ka aura, ku haɗa kaya."

Da tafiya ta yi nisa ya zama babu wanda ya kai shi sanin tsofaffin battoci. Zai shafa da yatsa ya ce wannan ta Kyaukka ce, wannan ta mutanen tsaunin Shan ce, wannan da gashin wutsiyar doki aka saƙa ta, shi ya sa take lanƙwasuwa ba ta tsagewa. Wani baƙo ya taɓa zuwa a mota ya ce a kwashe masa duka. Maigida ya ba shi shayi, ya yi masa hira mai daɗi, ya raka shi ƙofa hannu wofi. Ni kuwa na bi motar da ido har ta sha kwana.

Sai kuma maganar lafet. In mutum biyu sun yi faɗa aka sasanta su, faranti ɗaya na lafet ake ajiyewa tsakaninsu, kowa ya ci, magana ta mutu ke nan, ba a sake tono ta. Haka kuma in aka aiko maka da ƙunshin lafet, kira ne. In ka karɓa ka amsa za ka zo, in ka mayar ka ƙi. To maigidana duk ranar kasuwa sai ya sayo sabon lafet ya sa in kwaɗa in rufe a kwano, wai ko Ma Yin Nu za ta sauka daga jirgin yamma. Jirgi ya zo ya wuce, shi ba zai taɓa kwanon ba, wai ba abincin mutum ɗaya ba ne. Wa zai bar abinci ya lalace? Ni na ci. Shekara da shekaru ina cin sulhun faɗan da ba ni na yi ba, har na yi ƙiba a kansa. Amma gaskiyar magana, duk lokacin da jirgin yamma ya yi kuka, ni ma sai in tsinci kaina ina gyara ɗaurin zani. Na yi kewarta ƙwarai. Ban sake samun wadda za mu yi dariya da ita har cikina ya ƙulle ba.

Labarin da gari ya sani, macuta ma sun san shi. Sau biyu aka zo masa da batta haɗe da labari, wai daga hannun Ma Yin Nu, wai tana gari kaza tana kuka. Murfin bai shiga ba, amma ya ce wataƙila ta sauya batta, ya bi su. A na farko ya kwana tara a hanya ya dawo da zazzaɓi. A na biyu aka bar shi a wata tasha babu jakar kayansa, sai ta murfin da ya rungume. Daga nan ya yi rantsuwa ba zai ƙara sauraren bakin kowa ba. Abin da murfi ya ce, shi ke nan.

Shekara ashirin da biyu da tafiyarta, da rana tsaka a lokacin zafi, wata mata ta yi kira daga ƙofa. Ƙatuwa ce, da kwando a ka, warin daddawar kifi ya riga ta shigowa. Ta sauke, ta share gumi, ta zaro wani abu naɗe cikin tsohon zani.

"Nan ne gidan ɗan Saya Hlaing? Daga wajen Pantanaw nake. Maƙwabciyata Daw Yin Nu ta ce in kawo masa wannan."

Uwar batta ce, zanen Saya Hlaing, janta ya yi duhu saboda hannu. A cikinta akwai ƙunshin lafet a ganyen ayaba, an ɗaure da zaren gora.

"Me ta ce?" in ji maigida.

"Ba ta ce komai ba. Ta ce zai gane."

Ya zaro murfin daga jaka. Ya ɗora. Gefe ɗaya ya shiga, ɗaya ya cije. Ya juya ya sake ɗorawa, ya sake cijewa. Sau huɗu yana gwadawa, sannan ya ɗago, fuskar nan ta zama dutse.

"Wa ya koya miki sunan?"

"Kamar yaya wa ya koya mini? Shekara tara muna ɗibar ruwa a mashaya ɗaya!"

Ni ma na sa baki, da ma ban sa ba. Na ce, "Ke uwar daddawa, na gabanki sun fi ki iya labari, su har kuka suka yi mana. Je ki wanke kwandonki tukuna."

Matar ta miƙe tsaye. "Ni? Kwana biyar ina hawan kogi da kayan mutane a ƙirjina, ko ruwa ba ku ba ni ba! Batta an ce in bari, na bari. Ku dafa ku ci."

Ta ɗora kwandonta. Maigida ya ɗauki ƙunshin lafet ya bi ta har ƙofa, ya jefa mata cikin kwandon. "Tafi da tsiyarki," in ji shi.

Bai sa wannan battar cikin 'yan'uwanta ba, ya ce ba ya son ganinta. Ni kuwa ba na jefar da abu mai amfani. Na zuba zare da maɓallai da allurai a ciki, na ajiye gefen keken ɗinkina. Shekara goma sha ɗaya tana nan, kusan kullum sai na zura hannu cikinta.

Shekarar da ya cika sittin da uku, abu biyu suka haɗu mana a farkon damina. Rufin gidanmu ya ruɓe sai an sauya, doki kuma ya yi tuntuɓe keken ya kife da maigida, ƙugunsa ya karye. Aka kwantar da shi a gidan ɗanmu a Nyaung U. U Kyin ya ce in kawo battocin in ajiye a tsohon ramin surukina, akwai wuri. Na kwashe kaf, har ta zarena. Jakar murfin kuwa a asibiti aka cire masa aka miƙo mini, ni kuma haushi ya cika ni, don waɗanda suka ga faɗuwar sun ce garin kare jakar ne ya sauka a kan ƙugu. Na zaro murfin na ajiye a kan kantar ramin. Kullum sai ya tambaya, kullum in ce yana kulle a akwatina. Wata uku murfin nan ya yi a duhu da laima, karo na farko cikin shekara talatin da uku da ya huta da rana da gumin hammata.

Da ruwa ya ɗauke aka gama rufi, na sauka ramin da safe in fara kwasa. Hannu biyu gare ni, kaya ɗari biyu. Na ɗauki battar zarena, na ga murfin, na ce bari in ɗora shi a kai in hau da su lokaci ɗaya. Na ɗora, na juya zan ɗauki wata. Sai na ji huci.

Na san wannan hucin. Ina amarya na ji shi na ƙarshe. Na waiwaya, murfin yana sauka da kansa a hankali, a hankali, har ya zauna. Na ɗaga na sake saki. Ya sake sauka. Na zauna daɓas a ƙasan ramin na ƙwala wa U Kyin kira.

Ya sauko ya gwada, ya juya murfin a hannunsa. "Wayyo, Daw Pu. Gora ce fa a ciki. Shekara nawa yana matse a hammata, rana na dukansa a kan keke? Ai dole ya karkace. Laima ce ta mayar da shi daidai. Don me kike zato muke ajiye kowace batta da murfinta a kai?" Ya girgiza kai. "Ɗan Saya Hlaing guda! Wanda ya yi wata ɗaya a rumfa ya san wannan."

Ni ma na sani. Dukanmu mun sani. Amma kullum battocin muke tuhuma, babu wanda ya taɓa tuhumar murfin.

Kwana biyu ina juya abin a raina. In na yi shiru zai mutu yana jira, kuma jiran ya saba da shi, ya zame masa kamar tsohon zani. In na faɗa, zai san ta kira shi ya mayar mata da ƙunshi, ya rufe mata batta sau biyu ke nan. Amma in tana raye fa? A rana ta uku na zazzage zarena, na naɗe battar a zani, na hau motar Nyaung U.

Na same shi a baranda yana koyon tafiya da sanda. Na ajiye uwar a kan benci, na miƙa masa murfin.

"Gwada."

"Wannan ta zarenki ce, Ma Pu. Kin fara ruɗewa ne?"

"Na ce ka gwada."

Ya ɗora don ya rabu da ni, ya saki. Na kawar da kai, ban so in ga fuskarsa ba, amma kunnena ya ji hucin. Da ya yi magana, cewa ya yi, "Matar nan ta ce daga ina take?"

"Wajen Pantanaw."

"Ko ruwa ba mu ba ta ba."

Likita ya ce kada ya yi tafiya, ɗanmu ya ce kada ya yi tafiya, muka tafi. Kwana biyu a mota, sannan kwalekwale. A ƙasan kogi kusan kowace mace mai daddawar kifi ce. Amma wadda take ba da labarin wasu marowatan Myinkaba da suka hana ta ruwa ita ɗaya ce, kuma shekara goma sha ɗaya tana bayarwa, masu kwalekwale duk sun haddace. A rana ta huɗu aka sauke mu a ƙofarta. Ta tsufa, amma kallo ɗaya ta gane mu. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ku sha ruwa tukuna." Ta tsaya a kanmu sai da muka shanye. Sannan ta nuna wani gida mai dogayen ƙafafu a ƙetaren rafi.

"Gidanta ke nan. 'Yarta ce a ciki. Ita kam shekararta huɗu a kabari."

Na sa zani na toshe bakina. Maigida ya tsaya a bakin rafi ya sa mai kwalekwale ya samo masa ɗanyen ganyen kun da goronsa da farar ƙasa, ya jera a cikin battar, ya rufe. Sannan ya gyara sandarsa ya nufi gadar gora, ina riƙe da bayan rigarsa.

'Yar, Ma Cho Mar, mace mai 'ya'ya uku, ta fito tana goge hannu. Goshin Ma Yin Nu ne sak, sai da na dafa tsani. Ta kalli battar da ke hannunsa, rufe da murfinta, ta ce, "Kawu ne." Ba tambaya ta yi ba.

Ta shimfiɗa mana tabarma. Duk ginshiƙan gidan an zane su da tsinke, mutane da dawakai, daga ƙasa har inda hannun mace zai iya kaiwa, a ƙasar da babu doki ko ɗaya. Maigida ya ajiye battar, ya ɗaga murfin, ya tura wa yarinyar. Ta naɗa guda ta sa a baki. Battar nan ba ta sake komawa Myinkaba ba.

Daga ƙarshe maigida ya ce, "Na mayar mata da ƙunshi."

"Na sani, Kawu. Ina nan aka kawo. Shekarar da Babanmu ya rasu ne ta aika."

"Me ta ce?"

"Ta zage ka. Sosai. Da zagin da ban san ta iya ba." Ta ɗan yi murmushi. "Sannan ta kwance ƙunshin. Kwana goma ya yi a hanya, har ya fara baƙi. Ta juye a faranti, ta ja layi da cokali a tsakiya, ta cinye gefe ɗaya tas. Ta ce, 'Ni dai na ci nawa. Wana ɓauna ne, sai ya gama birgima a taɓo yake tuna gida. Duk ranar da ya zo, ko ina nan ko ba na nan, ki kwaɗa ki ba shi rabinsa.'"

Ta tashi ta shiga madafa. Muka ji ƙarar mai a kasko, ƙamshi ya cika gidan. Ta fito da faranti, lafet a gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen fayau. Ta ajiye gabansa da cokali.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana sa ni kwaɗa lafet bai taɓa kai loma ɗaya bakinsa ba, ya ɗebo ya ci. Ya tauna a hankali, hawaye na ɗiga a gaban rigarsa.

"Tafarnuwa ta yi yawa," in ji shi.

"Haka Inna ta koya mini."

"Na sani. Ba ta jin magana."

Ni kuma don sabo na miƙa hannu zan taya shi, kamar yadda na saba cinye masa. Ya kare farantin da tafin hannunsa, ya ce wannan nasa ne. Ya cinye har riɗin da ya maƙale a gefe.